Itacen Inna da Murhun Garin Katako

Da aka kai ni gidan miji a Rikoto, can ƙasar Zuru, abin da na fara lura da shi shi ne bukkar surukata. Mijina soja ne. Kafin aurenmu ya gina ɗakuna uku na bulo da rufin kwano, ya shafe su da siminti, ya ware wa mahaifiyarsa mafi girma a cikinsu. An ba ni labarin cewa ta shiga ta duba, ta sa masa albarka, ta kwana biyu a ciki, rana ta uku ta naɗe tabarmarta ta koma tsohuwar bukkarta ta laka da ke tsakar gida. Ta ce siminti yana tsotse ɗumin ƙafa. Ɗakin ya koma wurin ajiye buhunan dawa.

Ni a barikin soja na tashi, can Kaduna. Iyayena mutanen ƙasar Zuru ne, amma yarenmu bai zauna mini a baki ba. Ina ji sarai, in na tashi mayarwa ne yara ke dariya. Saboda haka da Hausa muke magana da surukar tawa, Inna, ita da tata ta kasuwa mai gajarta zance, ni da tawa ta bariki. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Amarya take ce mini, har bayan na haifi 'ya'ya uku.

Wuta ba ta mutuwa a bukkar Inna. Duwatsu uku ne a gefen ƙofa, da gungume ɗaya ko biyu da kansu ke ci a hankali. Da safe ta tone toka da tsinke, ta hura sau biyu, sai ka ga harshen wuta ya miƙe. Ban taɓa ganin ashana a hannunta ba. Rufin ciyawar ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma a can sama take rataye zangarniyar dawar da za ta yi iri, don hayaƙi ya hana ƙwari taɓa ta. A bakin wutar nan take girki, a nan take gasa gwiwoyinta in sun tashi ciwo, a nan take karɓar baƙi.

Ta san itace ɗaya bayan ɗaya. Kirya ce ta jin ɗumi, don ba ta saurin kamawa, amma in ta kama garwashinta kan kwana. Marke na girki ne. Akwai wanda ba ta yarda a shigo mata da shi, wai hayaƙinsa na sa ciwon kai, akwai kuma mai tartsatsi da ke huda zani. Kaɗanya da ɗorawa ba ta sara, sai reshen da ya bushe ya faɗo da kansa. Sau biyu a mako suke fita da ƙawayenta zuwa gindin duwatsu, su dawo wajen azahar kowacce da dami a ka. Na bi su sau ɗaya. Damina bai kai rabin nata ba, amma kwana uku na yi ban iya juya wuya ba.

Ni da risho na saba. Na zo da shi cikin kayan aurena, sabo fil, mai shuɗin fenti. Sai dai a shekarun nan na farkon dubu biyu kananzir kan ɓace a gari, a yi makonni ana nema. Ranar da galan ɗina ya ƙare na koma kan itace dole, kuma ban iya ba. In hura, ta mutu. In ƙara hurawa, toka ta cika mini ido. Inna kan zo ta tsaya a kaina, ta ja guntun itace ɗaya baya, ta ɗaga wani, wuta ta tashi, ta juya ta tafi ba ta ce komai ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata mata mai sayar da waina, Musulma, daga tsofaffin gidajen garin. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Wata safiya na leƙa sayen waina, ta ga idona jajur.

"Ƙanwata, kuka kika yi ko hayaƙi ne?"

Na ce hayaƙi ne.

"Zo ki ga abin da nake dafa miya da shi."

Ta kai ni bayan ɗakinta. Wani tsohon bokitin fenti ne na ƙarfe, an huda shi a gefe, can kusa da gindi. Tukunya na kai tana tafasa, ba itace, ba gawayi, ba hayaƙi. Na durƙusa na leƙa ramin, na ga ja zur a ciki.

"Garin katako ne," in ji ta. "Wanda masu injin yanka ke sharewa su zubar. Su ma neman mai kwashewa suke."

Washegari ta koya mini. A tsayar da guntun tabarya a tsakiyar bokitin, a zura sanda ta ramin gefe har ta taɓa gindin tabaryar. Sai a riƙa zuba garin kaɗan kaɗan ana dannawa, a zuba a danna, har ya cika ya yi tauri. Daga nan a murza tabaryar a zare ta a hankali, a zare sandar, sai rami ya fito daga ƙasa har sama. A kunna 'yar takarda ko ƙirare a tura ta ƙasa. Da farko yakan yi hayaƙi na ɗan lokaci, daga nan ya washe, wutar ta riƙa cin bangon ramin daga ciki zuwa waje.

"In kin danna shi da kyau, tun hantsi har la'asar yana ci," in ji Yaya. "In kin yi ragwanci wajen dannawa, ya rufta miki da tukunya a kai. Kuma kada ki bari jiƙaƙƙe ya shiga."

Na sami bokiti, mai walda ya huda mini shi ya sa masa ƙafafu uku da mariƙi. Na ɗauko buhun gari daga wurin masu katako a bayan mashin. Ranar da na fara kunnawa, Inna ta fito ta zagaya shi sau ɗaya, hannuwanta a baya.

"Amarya, mi kike ƙonawa?"

"Garin katako ne, Inna."

"Shara ke nan."

"Tana dafa abinci, Inna. Ba hayaƙi."

Ta sunkuya ta leƙa. "Ina wutar?"

"Tana ciki."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta koma bukkarta.

Ta ci tuwon da na tuƙa a kai, ta cinye, sannan ta ce ya yi daɗi amma ba shi da ƙamshi. Da sanyin ƙarshen shekara ya shigo na ce bari in kai mata murhun ɗakinta ya ɗumama mata gwiwa ba tare da tari ba. Ta bar shi yini ɗaya don kada ta kunyata ni. Da yamma na same shi a ƙofar ɗakina, ta ɗora masa faifai.

Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Itace yana ba da haske, kana ganin fuskar wanda kuke hira da shi. In kana son zafi ka tura, in ya yi yawa ka ja baya. Ka gasa masara, ka tura dankali cikin rushi, ka ɗebar wa maƙwabci garwashi a kasko. Murhuna ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan. In ya kama ya kama, ba ka rage shi ba ka ƙara shi, kuma in ya cinye sai ka jira ƙarfen ya huce kafin ka sake cikawa. Abin da ya iya shi ne ɗumi iri ɗaya na sa'o'i, ba tashi ba faɗuwa, ba sai an zauna ana gadinsa ba. Ni mai ɗinki ce, kekena na jirana, wannan ya ishe ni. Haka muka zauna da wuta biyu a gida ɗaya, kowa da tasa. In zan gasa masara in je wurinta. Ita ba ta taɓa zuwa wurina neman komai ba.

A shekara ta biyu na sami ciki. Yana wata uku aka tura su mijina aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa. Waya ba ta yawaita ba a lokacin, wasiƙa ce kan zo jefi jefi ta hannun wanda aka sallamo. Muka rage daga ni sai Inna.

Lissafinmu haihuwa sai bayan ruwa ya ɗauke, lokacin kaka. Inna ta fara tanadi tun farkon damina. Ta sa aka saro mata manyan rassan kirya da marke, ɗanyu, ta jera su a bayan bukka, ta ce kafin lokaci ya yi sun bushe, za su ishe ni ruwan wanka na kwana arba'in da ɗumin ɗaki. Duk wanda ya shigo gidan sai ta kai shi ya ga tarin itacen jikanta.

Naƙuda ta zo mini a watan Agusta, ciki bai cika wata takwas ba, a tsakiyar marka. Kwana huɗu ke nan ba a ga rana ba. Wani ɗan cocinmu mai mota ya kai mu wani ƙaramin asibiti, na haifi mace. Da aka miƙo mini ita tsoron riƙe ta na ji. Hannunta bai fi babban yatsana kauri ba, kukanta kuma sai ka kasa kunne. Muka yi kwana shida. Da aka ga tana iya kama nono aka sallame mu. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta zaunar da mu ni da Inna.

"Bakwaini ba ta iya riƙe ɗumin jikinta," ta ce. "Ki ɗaure ta a ƙirjinki, fata da fata, ki rufa da zani. Ɗaki ya zama da ɗumi dare da rana. Amma ban da hayaƙi, huhunta bai yi ƙwari ba. Kuma kada ku rufe taga ruf da wuta a ciki, kada ku yi barci da ita."

Inna ta gyaɗa kai. Ina zaton maganar ɗumin kawai ta riƙe.

Mun iso gida da rana, ana yayyafi. Ashe kullum in Inna ta bar asibiti gyaran bukkarta take dawowa yi. Ta share, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta bar mini gadonta, ita ta yi shimfiɗa a ƙasa. Ba ta taɓa barin wani ya kwana a gadon nan ba. Ta ce ɗakina na siminti ba wurin jariri ba ne a irin wannan sanyi. Na shiga na zauna, jaririyar a ƙirjina.

Busasshen itacenta ya ƙare a kwanakin markar. Abin da ya rage sai na tanadi, wanda ɗanye ne tun asali, ga ruwa ya sha ya ƙoshi. Ta faskara shi ƙanana, ta jera a kan garwashi, ta durƙusa tana hurawa. Itacen ya riƙa tsiyayar da ruwa ta gindi yana kumfa. Hayaƙi fari, mai kauri, ya taru a rufi, ya rasa hanyar fita saboda ciyawar ta jiƙe, ya sauko mana. Idona ya fara ruwa. Sai na ji 'yar ƙirjina ta yi wani ɗan tari, ta sake yi, sannan numfashinta ya riƙa fita da sauri da sauri.

"Inna, hayaƙin ya yi yawa."

"Yanzu zai kama. Yi haƙuri kaɗan."

Ta ƙara wani guntu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rufe kan jaririyar da mayafi, na tsallake ƙafar Inna, na ratsa yayyafin na shige ɗakina. Ban ce mata komai ba, kuma a al'adarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na zauna a bakin gado ina kuka, ɗakin sanyi ƙalau, na lulluɓe mu da bargon soja biyu. Da numfashin yarinyar ya daidaita na leƙa ta taga. Inna na tsaye a ƙofar bukkarta, hayaƙi na fita ta bayanta, ruwa na sauka a kafaɗarta. Ta daɗe a haka.

Yaya mai waina ce ta kawo mana abincin yamma. Ta ga yadda muke, ta koma gida ta ɗauko nata murhun a kunne, ta ajiye mini a tsakiyar ɗaki, ta ɗage taga kaɗan. Kafin duhu ya yi ɗakin ya yi ɗumi.

Da gari ya waye na ji ana daka a barandata, wani irin daka mara ƙara. Na buɗe ƙofa. Inna ce zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, murhuna a tsakaninsu, tana danna ragowar garin da ke buhuna da muciya. Ba ta sa sandar gefe ba. Ta zare tabaryar da ƙarfi, duk abin ya rufta. Ta dube shi, ta dube ni.

"Amarya, nuna mini yadda ake yi."

Na durƙusa, hannu ɗaya na tallafe da jaririyar. "Inna, ki yi haƙuri da abin da na yi jiya."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ina ake sa sandar?"

Na nuna mata. Sau biyu ya rufta, na uku ya tsaya. Hannun da ya shekara hamsin yana daka ba irin nawa ba ne. Nata cikin ya yi tauri har sai da na sa ƙarfi kafin tabaryar ta murzu, kuma ranar ya ci tun safe har bayan la'asar, abin da nawa bai taɓa yi ba.

Garin da ke gida bai wuce na kwana biyu ba. Inna ta yafa buhu a ka ta tafi wurin masu katako da ƙafa. Wanda ta samo jiƙaƙƙe ne, don a fili suke tara shi. Na ce ba zai kama ba. Ta kai shi bukkarta, ta baza shi a kan tsohon kwanon rufi, ta ɗora kwanon a kan duwatsu kusa da wutarta mai hayaƙi, tana juyawa da hannu kamar mai suyar gyaɗa. Kafin yamma ya bushe. Daga ranar aikin bukkar ke nan: a can ake busar da gari, a can ake tafasa ruwan wankana a babbar tukunya, don murhun gari ba ya iya wannan da sauri. Shi kuma murhun yana ɗakina. Yaya ta bar mana nata aro, saboda in ɗaya ya cinye ɗayan na shirye.

Inna ta ƙara abubuwan da Yaya ma ba ta sani ba. Takan kunna shi a baranda, ta jira hayaƙin farko ya wuce, ta sa hanci ta shinshina, sannan ta shigo da shi. Ta gano in aka barbaɗa toka a saman garin, wutar ba ta haurowa ta cinye shi da wuri. Ta koyi bambanta garin da hannu: mai laushi kamar na tuwo ya fi daɗewa, mai ɓarzo ya fi saurin ci, na jan katako yana da yaji a ido, ba ta karɓarsa. Masu injin har sun san ta, suna ware mata wanda take so a ƙarƙashin rumfa. Da yake an hana mu barci da wuta, sai ta samo duwatsu biyu masu sulɓi daga rafi, ta ɗora su a bakin murhun tun la'asar. In za mu kwanta ta fitar da murhun, ta naɗe duwatsun da tsumma ta tura su ƙarƙashin bargo wajen ƙafafuna.

Abu ɗaya na lura da shi. Tun ranar hayaƙin nan Inna ba ta sake taɓa yarinyar ba. In za ta shigo ɗakina sai ta wanke hannu da fuska, ta sauya zani da wanda take shanyawa a barandata, don kada ta shigo da warin bukka. Ta ajiye murhun, ta zauna can bakin ƙofa, ta leƙo fuskar jaririyar daga nesa. In na miƙa mata sai ta ce hannunta da sanyi.

Wata ranar Lahadi da hantsi, yarinyar na da mako uku, mutane duk sun tafi coci, unguwa ta yi shiru sai ƙarar ruwa a kan kwano. Inna na zaune a wurinta tana gyaran wake a faifai. Ba tare da ta ɗago ba ta ce:

"Kafin mijinki na haifi wani."

Ban taɓa jin wannan ba.

"Namiji. Shi ma bai cika watannin ciki ba. Irin wanga lokaci ne, ruwa ba ya tsayawa. Ubansu yana wurin yaƙi. Ni kaɗai a ƙauye da uwar mijina, ita kuma ba ta gani."

Ta tsince wani ɗan dutse daga cikin waken ta jefar.

"Kwana tara ya yi. Na rufe ƙofa da asabari biyu don kada iska ta shigo. In ya yi tari in ce sanyi ne, in ƙara itace. Ya ƙara tari, in ƙara itace. Duk shekarun nan ina cewa sanyi ya ɗauke shi, wutata ce ba ta isa ba. Ban taɓa kawo hayaƙi a raina ba sai ran da kika tashi kika fita da wagga."

Ni yarinya ce a lokacin, ban kai ashirin da biyar ba, ban san yadda ake amsa irin wannan magana ba. Da ƙyar na ce:

"Inna, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗauke shi. Ba wanda ya gaya miki. Ɗumi kika ba shi, shi ne abin da kike da shi."

"Haka ne," ta ce. Ta ci gaba da gyaran wakenta.

Na tashi na je na durƙusa a gabanta, na janye faifan. Na kwance zanin da na ɗaure yarinyar da shi.

"Bayana ya gaji, Inna. Ki karɓe ni in ɗan miƙe."

"Ina warin hayaƙi."

"Ba kya yi. Na shinshina."

Ta dube ni, ta san ƙarya nake game da gajiyar bayan. Amma ta sassauta zaninta. Na ɗora mata jaririyar a ƙirji, na zagaya na ɗaure su tare. Yarinyar ta ɗan motsa, ta tura fuska cikin wuyan kakarta, ta koma barci. Inna ba ta yi kuka ba, ba mai kuka ba ce. Ta matsa kusa da murhun, ta fara wata waƙa a yarenmu ƙasa ƙasa, wadda rabinta kawai na gane. Na kwanta da niyyar in rufe ido kaɗan. Da na farka mutane har sun dawo daga coci, su biyun suna nan yadda na bar su.

Daga ranar muka raba goyon. Safe nawa, rana nata, ni in samu in yi wanka in ci abinci. Duk mako biyu mukan koma asibiti a ɗora yarinyar a ma'auni, nas ɗin ta duba ta ce mu ci gaba da abin da muke yi. Da marka ta wuce rana ta fito, itacen tanadin nan ya bushe, ya yi kyau kamar yadda Inna ta ce zai yi. Da shi ta yi ta jin ɗumi a bukkarta har shekara ta zagayo. Ba ta bar wutarta ba, ban kuma sake cewa ta bari ba. Sai dai ta sa an huda mata 'yar taga a bangon bukkar, ta daina rufe ƙofa in wuta na ci. Mata masu jego a unguwa suka riƙa aikowa a kira ta ta cika musu murhu, don an ce nata ba ya ruftawa. Yarinyar nan yau ta fi ni tsawo.

Mijina ya dawo ana saura kwana kaɗan Kirsimeti. Ba mu san ranar ba. Da sassafe mai mashin ya sauke shi a ƙofar gida da jakarsa, ya rame, ya yi baƙi. Wasiƙar da muka aika ta same shi, ya san an haihu, amma bai san yadda aka sha ba. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ya dube ni, sannan idonsa ya sauka kan abin da ke bayana. Ya miƙo hannu biyu.

"Dakata," in ji Inna. "Daga kan mashin kake. Je ka wanke hannu, ka zo ka gasa su."

"Inna, wata huɗu nake jira."

"To ƙara kaɗan."

Ya wanke. Ya tsuguna a gaban murhun da ke baranda, da kakinsa da manyan takalmansa, yana juya tafukansa a kan ramin. Inna ta kama hannun ta kara a kumatunta, ta ce saura. Ya ƙara. Ta sake gwadawa, sannan ta yi mini alama da kai.

Na sauko da yarinyar na ba shi. Ya riƙe ta a sandare, nesa da jikinsa, kafaɗunsa a ɗage. Ita kuma ta ƙura masa ido, ba ta yi kuka ba. Inna ta zo ta danna masa gwiwar hannu ƙasa, ta tura kan yarinyar ya kwanta a ƙirjinsa, ta gyara mata hula. Sannan ta ce mini in ɗora ruwa, ita za ta je ta kamo jan zakaran nan kafin ya fice.